Kalmar da Ta Sauko da Kawu Daga Matakalar Masallaci

Gyaran murya ne kawai. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa a faifai, rana ta ɗan gota tsaka, sai na ji shi daga ɗakin Kawu, irin wanda na tashi ina ji tun ina yarinya. A gidanmu na Fagge ba a duba agogo don salla. In Kawu ya yi gyaran murya, to lokaci ya yi. Bayansa kuma, in ka kasa kunne sosai, sai ka ji kiran salla ƙasa-ƙasa, kamar mai rarrashin jinjiri, ba ya ko ƙetare labulen ƙofarsa. Ran nan na kasa kunne na jira. Shiru. Na ajiye faifan na shiga, na same shi jingine da bango yana fuskantar alƙibla, hannunsa na dama ya taso zai kai kunne ya tsaya a kafaɗa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe mu, ni da Inna, bayan rasuwar mahaifina. Shi ya sa ni makaranta har sakandare lokacin da ake ganin hakan rashin hankali ne, shi ya aurar da ni, kuma sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Kafin a kai shi makabarta, gida ya cika da jama'a. Na zauna kusa da Inna ina karɓar gaisuwa, kuma wallahi abin da kunnena ya ji a zaman nan shi ya sa na ɗauki alƙalami.

"Allah sarki, Mai Rasha ya tafi," in ji wata. Sunan da unguwa ta laƙaba masa ke nan.

Wata yarinya, amaryar bana, ta raɗa wa ta kusa da ita, "Wai da gaske ya taɓa zama a can ƙasar?" Mutumin da iyakar tafiyarsa Nguru, ita ma sau ɗaya, gaisuwar mutuwa.

Wata tsohuwa da ta sha cin tuwon gidanmu ta ja carbi ta ce, "Allah dai ya sa ya tuba kafin cikawa." Mata suka amsa da amin. Na duba fuskokinsu, ban ga wadda ta ji kunya ba.

Limamin unguwa na yanzu, yaro ne mai ladabi, ya leƙo ya yi wa Inna gaisuwa ya ce, "Baba ba ya rasa jam'i, kullum yana sahun baya. Mutum mai kawaici, ko muryarsa ban sani ba." Bai san abin da ya faɗa ba, don haka ban riƙe shi ba. Amma Inna ta rufe fuska da mayafi.

Sai ga Alhaji, maƙwabcinmu na bayan gida, an riƙo shi ana jan sa saboda tsufa. Ya zauna a kujerar da aka ba shi, ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, sa'an nan ya dubi Inna.

"Hajiya, sai haƙuri. Abin da ya faru da can ƙuruciya ce. Mu dai mun yafe masa, duniya da lahira."

Mun yafe masa. A gaban ƙanwarsa, a gidansa, ruwan wankansa ko bushewa bai yi ba a bayan ɗaki. Ni ba mai faɗa ba ce, kazar da za a yanka ma sai na kau da kai, kuma zaman makoki ba wurin tone-tone ba ne. Na haɗiye. Amma ba zan bari 'ya'yana su tashi da labarin wannan bakin ba. Ga abin da ya faru, kamar yadda na gani, da yadda waɗanda suka gani suka faɗa mini.

Kakanninmu daga Barno suka zo, suka zauna a Fagge tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano. Sana'ar Kawu wankin hula. Yana da gumaka na itace masu siffar kai, manya da ƙanana, jere a zaure. Ya wanke hula, ya sa mata sitaci, ya ɗora ta a kan wanda ya yi daidai da ita, ya bubbuga da 'yar taɓarya har ta tsaya. Kan duk wani magidanci a unguwarmu ya san girmansa. Amma in ka tambaye shi ko shi wane ne, ba zai ce mai wankin hula ba. Ladan zai ce. Masallacin unguwa na ƙasa ne a lokacin, da matakala a gefe wadda ake hawa a yi kira, kuma tun yana saurayi shi ke hawanta. Ba lasifika, ba komai. Mata a Sabon Gari, waɗanda ba ma salla suke yi ba, da muryarsa suke sanin lokacin ɗora girki. Ba a biyansa ko anini. In zazzaɓi ya kwantar da shi, sai ya rarrafa ya hau ya yi kiran ya dawo ya kwanta. Wannan matakala ita ce abin da yake da shi a duniya.

Zamanin Turawa ne, shekarun hamsin, ana ta maganar mulkin kai. Garin ya ɗauki zafi. Mutum ya faɗi kalmar zalunci a bainar jama'a, in an ga dama sai a ce da hukuma yake, 'yan doka su zo su tafi da shi. Da damina kuma a bi unguwa a ɗebi maza a kai su gonar wani babba, a ce aikin gayya ne. Gayyar da ba a roƙe ka ba, ba a ba ka ko kunu, in ka ƙi a ɗaure ka.

Kawu yana da aboki a Sabon Gari, Bayarabe Musulmi mai gyaran agogo, muna ce masa Baba mai agogo. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a jirgin ruwa daga Ikko, ya daɗe yana wanke tukwane a ƙarƙashin wani tsohon kuku mutumin Rasha wanda ya gudo daga ƙasarsu. Kukun nan, in ji Baba, daga safe har yamma zagin masu mulkin ƙasarsu yake, yana yanka albasa yana zagi, har Baba ya haddace kalmomin ya kuma tambayi ma'anarsu. Ranar Juma'a bayan an sauko, Baba yakan biyo ta gidanmu ya karɓi hularsa, su zauna a zaure. Ni ke kai musu ruwa, kuma ba na saurin fitowa.

"Barshina," Baba zai ce. "Malam Ladan, buɗe baki. Bar-shi-na."

"Barshina. Mene ne shi?"

"Talaka ya bar gonarsa ya je ya nome ta mai ƙasa, dole, ba lada."

Kawu ya ajiye taɓarya. "Kai, Baba! Har suna suka ba shi?"

"Suna nasa shi kaɗai."

"Mu kuwa muna ce masa gayya, mu ɓata sunan gayya."

Haka suka riƙa yi, Juma'a bayan Juma'a. Kawu ba ya rubutawa. Yana bugun hula yana maimaitawa, kowace gaɓa da bugunta, har ta zauna. Akwai wata doguwa, samadirjabiye, wai mulkin mutum ɗaya da ba mai ce masa don me. Ita ce ta fi ba shi wuya, Baba ya yi ta dariya yana cewa, "Wannan harshe naka da ke jan kiran salla kamar zare, yau ga shi ya sarƙe!" Akwai danos, wato mutum ya kai sunan maƙwabcinsa wurin hukuma a asirce don ya sami shiga. Sai wadda ta fi kama ransa, faraizbol.

Inna ba ta son abin ko kaɗan. Wata rana ta tare shi a bakin ƙofar tsakar gida, muciya a hannu.

"Yaya, wai me za ka yi da yaren mutanen da aka ce ba su san Allah ba? Larabcin da ka iya bai ishe ka ba?"

"Ya ishe ni gaida Ubangijina."

"To wannan fa, wa za ka gaisar da shi?"

Ya ɗauko huluna biyu ya nuna mata. "Ke, in aka kawo mini waɗannan na ce duk hula ce, na ɗora su a gunki ɗaya, ɗaya ta yage ɗaya ta saki. Mu komai sai mu ce zalunci, mu yi tsaki, mu tashi. Waɗancan mutane sun sha shi har sun ware shi iri-iri, kowanne da sunansa. Ina so in san wanne ake yi mana."

"In ka sani sai a daina?"

"A'a. Amma in na ɗaga hannu zan san abin da nake kai ƙara."

Inna ta ce Allah ya shirya, ta koma kan tukunyarta.

Samarin jam'iyyar adawa suka ji labarin wani ladan a Fagge mai jin Rashanci. Suka zo da zumuɗinsu, suna so ya riƙa hawa teburi a wurin lacca yana faɗa wa jama'a yadda talakan can ya kori sarakuna ya huta. Kawu ya ba su tabarma, ya saurare su har suka gama.

"'Yan samari, kun san daga bakin wa kalmomin nan suka fito? Wani kuku ne. Sarkinsu na da ya ɗaure ubansa. Waɗanda suka kori sarkin, su kuma suka kashe wansa, shi ya tsere. Da kalmomin nan yake zagin na farko, da su yake zagin na biyu, bai canja ko ɗaya ba."

"Malam, wannan ai farfagandar Turawa ce."

"Wataƙila. Ni dai ban je ba, ku ma ba ku je ba. In kuna so in hau teburi zan hau, amma duka labarin zan bayar."

Suka tashi suna cewa an saye shi. Ɗayansu ko hularsa da ya kawo wanki bai dawo ya karɓa ba. Ta daɗe a rataye a zaure.

Ranar da abin ya faru da la'asar ne, cikin damina. Kawu yana kan matakala, ya kai ƙarshen kira. Daga can sama ana hango titi har wajen Kantin Kwari. 'Yan doka sun taso maza a gaba za a kai su gona, sai ga wani tsoho mai ga-ruwa ya ratso da garewani a kafaɗa. Wai bai sauke kaya ya durƙusa ba da zai wuce su. Suka ture shi, ruwan ya malale, suka shiga zuba masa dorina yana ƙasa cikin taɓo yana ba su haƙuri. Mutane na alwala a ƙofar masallaci, kowa ya sunkuyar da kai yana wanke ƙafar da ya riga ya wanke.

Ina ƙofar gida, na gani da idona. Kawu ya gama kiran sarai, ya sauke hannuwansa daga kunne, ya yi salati. Sa'an nan ya juyo ya nuna su da yatsa, da muryar nan tasa da ke kaiwa Sabon Gari, ya ce, "Faraizbol!"

'Yan dokan suka tsaya suna kallon sama. Ba su san ko zagi ba ne, ko addu'a, ko sammu. Tsohon ya ja jiki ya shige wani lungu, garewaninsa a ƙasa. Suka yi gaba da mutanensu. Da a nan abin ya tsaya, da an yi dariya an manta.

Alhaji na cikin masu alwala. Lokacin bai je Makka ba, ɗan tireda ne mai neman a ba shi rumfa a kasuwa. Kafin gari ya waye ya kai magana wurin mai unguwa, daga nan ta wuce sama: wai ladan ya cusa kalmar kafiran Rasha a cikin kiran salla, wai kuma da ita yake kiran mutane su yi wa hukuma tawaye. A cikin kiran salla! Shi da ya ji da kunnensa an gama kira an yi salati. Bai daɗe ba ya sami rumfarsa, ƙaninsa kuma ya sami matakala.

Da safe, kafin a zo tafiya da Kawu, Baba mai agogo ya iso a kan kekensa yana haki. Ina bayan ƙyauren zaure.

"Malam Ladan, saurara. Duk garin nan ba mai jin kalmar nan sai ni da kai. Ka ce ma'anarta a yi haƙuri. Ka ce ma'anarta Allah ya kawo sauƙi. A kira ni shaida, zan ce haka ne. Wa zai ƙaryata mu? Za su aika Rasha ne?"

"Za ka rantse a kan haka?"

"Zan rantse, in yi kaffara daga baya. Ni na jawo maka."

"Ba kai ka jawo mini ba, Baba. Ni na tambaye ka."

Inna ta fito ba ko mayafi, abin da ban taɓa gani ba. "Yaya, ka ji abin da ya ce. Don Allah, don Annabi. Ka dubi yarinyar nan."

Ya dube ni kuwa. Ya ce, "Uwata, kwashe hulunan can daga rana, kada su ƙone." Ya sa takalmi.

Mata ba sa zuwa kotu, amma zauren alƙali ya cika da maza ran nan, kuma na ji labarin daga bakuna da yawa, duk iri ɗaya. Alƙalin dattijo ne, ya san Kawu, bisa ga dukkan alamu so yake ya sallame shi. Ya tambaya ko a cikin kira ya faɗi kalmar. Kawu ya ce a'a, bayan kira ne. Aka nemi wanda zai shaida haka cikin masu alwala. Ba wanda ya motsa. Liman na wancan lokaci yana wurin, ya ce shi yana cikin masallaci bai ji daidai ba.

Alƙali ya ce, "Malam Ladan, baki yakan suɓuce. Ko tari ne ya sarƙe ka? Ka ce tari ne in rubuta."

Aka yi 'yar dariya. Kawu ya ce, "Allah ya gafarta malam, ba tari ba ne."

"To tsakaninka da Allah, mece ce ma'anarta?"

Baba ya ce a nan ya rufe ido, don ya san an gama. Da alƙali ya yi barazana, ko ya yi tsawa, da wataƙila Kawu ya yi shiru. Amma ya ce tsakaninka da Allah.

"Allah ya gafarta malam, ma'anarta mai iko ya yi maka abin da ya ga dama don kawai ya ga dama. Ba doka, ba dalili. Yau ya doke ka don ba ka durƙusa ba, gobe ya doke ka don ka durƙusa ka tare masa hanya. In ka tashi kai ƙara, ka tarar shi ne a zaune a wurin da ake kai ƙarar."

Maganar da mutum ba ya iya yi a ɗakin matarsa, ga ta an yi ta da Hausa a gaban alƙali, kuma alƙalin ne ya nema.

"A ina ake yin haka?" in ji alƙali, a hankali, kamar mai miƙa masa igiya ta ƙarshe. Da ya ce a Rasha, shi ke nan.

"A Rasha aka raɗa masa suna. A ƙofar masallacinmu na gan shi."

Aka yi masa bulala a bainar jama'a, aka kai shi gidan yari na wasu watanni. Dattawan unguwa kuma suka yanke nasu: ba zai sake hawa matakala ba sai ya tsaya gaban jama'a bayan salla ya ce ya yi kuskure ya tuba. Samarin jam'iyya, masu cika gari da ihu in an taɓa nasu, ba wanda ya leƙo. Ai ba nasu ba ne.

Ranar da ya dawo na riƙe wa Inna kwanon man kaɗanya tana shafa masa a baya. Tabon ya warke a karkace, kamar an yi kitso a fata. Inna tana shafawa tana kuka tana faɗa.

"Kalma ɗaya, Yaya! Ka ce ka tuba, Allah ai ya san zuciyarka. Ka koma kan matakalarka."

"In tuba daga me?"

"Daga ko mene ne! Su dai su ji."

"Bakin da zan ce na tuba da shi alhali ban yi laifi ba, da shi zan hau in ce na shaida babu abin bautawa sai Allah? Wa zai yarda da shaidata? Ni kaina ba zan yarda ba."

Lokacin azahar ya yi suna cikin haka. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya yi gyaran murya, kamar kullum, ya yunƙura zai tashi. Sai muryar ƙanin Alhaji ta taso daga masallaci, a shaƙe, tana karyewa a tsakiya. Kawu ya koma ya zauna. Ya kai hannu kunne, ya yi kiran nasa a hankali, mu biyu kaɗai muka ji. Ya yi alwala, ya tafi masallacin nan dai, ya tsaya a sahun baya. Haka ya yi har ƙarshen ransa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba a yi wata guda ba Alhaji ya aiko da hularsa wanki, kamar ba abin da ya faru. Inna ta fizge ta za ta jefa a kwata. Kawu ya karɓe.

"Hular ba ta kai ƙarata ba."

"Yaya, kai wane irin mutum ne?"

"Na san abin da ya yi, har sunansa na sani. Danos. Ba sai na ɓata masa hula ba." Ya wanke ta, ya buga ta ta tsaya kyam. Shekara da shekaru mutumin nan yana yawo a Fagge da aikin hannun Kawu a kansa, bai taɓa tsayawa a zaure ya ce ka yafe ni ba. Ni ban kai Kawu ba. Har yau in na ga hula mai sitaci a kan dattijo sai na tuna da Alhaji.

Turawa suka tafi. Aka yi mulki iri-iri, na farar hula da na soja, kowanne Kawu ya saurari rediyo ya gyaɗa kai ya faɗi sunan da ya dace da shi, yana bugun hula. Baba mai agogo ya rasu, aka rasa mai gyara masa lafazi. Aka rushe masallacin ƙasa aka yi na siminti, aka rushe matakalar, aka sa lasifika. Na girma na yi aure, na sa maigidana ya je ya sami dattawa a kan a bar tsohon nan ya yi kira ko sau ɗaya. Suka ce ai ba wanda ya hana shi, ya zo kawai ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, magana ta wuce. Waɗanda suka kafa sharaɗin rabinsu na kabari, hukumar da aka yi don a faranta mata ta shuɗe, amma sharaɗin na nan. Na gaya wa Kawu ina kuka. Ya ce, "Uwata, su suka ce in sauko. Su za su ce in hau." Ba wanda ya zo.

A ciwonsa na ƙarshe mun kai shi wurin wani likita wanda, ashe, a Rasha ya yi karatu. Na faɗa wa likitan labarin kalmomin Kawu, don in ga Kawu ya yi murmushi. Kawu ya jero masa kalmominsa. Likitan ya yi dariya ya ce lafazin ya sha hanya, amma ma'anar tana nan daidai. Da aka zo kan faraizbol sai ya daina dariya, ya ce can ma ba a faɗinta a titi, sai a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Kawu ya yi dariya har tari ya kama shi. "Ashe ina da 'yan'uwa," ya ce.

Na dawo gidan da yarana don jinyarsa. Autana, wanda bai daɗe da shiga makarantar allo ba, ya maƙale masa. Kullum yana ɗakin, suna tsokanar juna irin ta kaka da jika, Kawu yana ce masa mai ƙaton kai wanda ba gunkin da zai ɗauki hularsa. Ban san me suke yi ba in na fita, na ɗauka labari yake ba shi.

Wannan shi ne mutumin da aka zo gidansa aka ce an yafe masa. Wannan shi ne wanda ake fatan ya tuba. Ya Allah, kai ne shaida bai ƙara ko harafi a kiranka ba. Ka ji shi lokacin da unguwa ta ƙi ji. Ka yalwata masa kabarinsa, ka tashe shi cikin ladanai, ka mayar masa da muryarsa. Alhaji kuwa, na yi ta roƙon Allah ya sanyaya mini zuciya a kansa, har yanzu ba ta sanyaya ba, kuma ba zan rubuta ƙarya a ta'aziyyar mutumin da ya ƙi yin ƙarya ba.

Ranar sadakar uku, baƙi sun ragu, muna tsakar gida ni da Inna muna ware kwanukan maƙwabta. Inuwa ta gota. Na tsinci kaina ina kasa kunne wajen ɗakin da ba kowa. Inna ma ta tsaya da kwano a hannu, ba ta dube ni ba, ban dube ta ba. Sai muka ji gyaran murya, ƙarami, daga bakin ƙofar ɗakin. Autana ne a tsaye, ya fuskanci alƙibla, ya kai hannuwansa kunne. Ya juyo ya dube ni.

"Umma, Kawu ya ce in ya tafi ni zan riƙa yi. In yi a hankali irin nasa, ko in yi da ƙarfi kowa ya ji?"